Na Sayar da Ƙasa, Na Sayi Lamba

Al Wukair, Doha
Safiyar Juma'a

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ka ka riga ka sauka Kano lafiya, gajiyar jirgi ta sake ka, kayanka kuma babu wanda ya maƙale a hanya. Na ba Ummanka ta saka ta cikin kwalin dabino, don na san shi za ka fara buɗewa idan 'yan uwa sun taru. Allah ya tsare ka a ƙasar da take taka ce amma ba ka san ta ba sai a lokacin hutu. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki a sabon wurin aikinka.

Watan Maris na shekara ta dubu biyu. Shekara ashirin da biyar ke nan ina jin haushin wannan wata, kuma har yau ban tsayar da wanda zan ɗora wa laifin ba. Wata rana in ɗora wa matashin bankin da ya nuna mini zane a takarda. Wata rana in ɗora wa malaman da suka koya mini ilimin tattalin arziki. Mafi yawan lokuta kuwa ina ɗora wa yayana, Baffanka Habu, ba don ya cuce ni ba, sai don ya faɗi gaskiya a gaban mutane.

Ranar Litinin muna cin abinci ka yi mini tambaya. Ka ce, "Baba, Baffa Habu ya kira ni. Ya ce magadan mutumin da ya sayi gonar Bakin Rafi za su sayar da ita. Abin da na tara a shekara ukun nan zai kusa isa. Ni kuma da niyyata in zuba shi a ma'aunin kamfanonin fasahar nan na Amurka in manta da shi. Wanne ka gani?" Na wanke hannuna na tashi, na bar ka da cokali a hannu. Ummanka ta biyo ni tana cewa, "Malam, yaro ya tambaye ka, ko 'ban sani ba' ai amsa ce." To wannan takarda ita ce amsar. Ina gargaɗinka tun yanzu, mai yiwuwa ka kai ƙarshenta ka tarar "ban sani ba" ɗin ce, sai dai doguwa.

Ba zan rubuta sunan ma'aunin ba. Ka san shi, yana cikin wayarka. A gidan nan Ummanka "zanen Babanku" take ce masa, ni kuma na rantse tun da daɗewa hannuna ba zai ƙara rubuta sunansa ba. Amma ka bar tsohon malami ya yi bayani ko da ka sani. Shi ba kamfani ba ne. Lamba ce guda da ake samu idan an haɗa farashin hannun jarin kamfanoni masu yawa, waɗanda mafi nauyinsu na kwamfuta ne da intanet da waya. In sun yi tsada lambar ta hau, in sun yi araha ta sauko. Akwai asusun da ke saye daga kowanne cikinsu, kai kuma ka sayi rabo a asusun, ka hau tare da lambar, ka sauko tare da ita. Na koyar da wannan a aji, da alli, a wata kwaleji a Kano, kafin in zo Doha aikin akanta. Ɗalibaina sun ci jarrabawa a kansa. Ni ne na faɗi.

Kuskurena na farko ga yadda ya faru. An haife ka a gida, Ummanka ta je wanka wurin iyayenta, ni ina nan. A lokacin ba a maganar komai a ofis sai intanet. Wani matashi a bankin da ake biyan mu albashi, mai nektai da ƙamshin turare, ya shimfiɗa mini takarda a kan tebur. Layi ne ya taso daga ƙasa ta hagu ya miƙe sama ta dama kamar zai fita daga takardar. A shekarar da ta gabata kaɗai ma'aunin ya kusa ninka kansa. Ban tambaye shi komai ba. Ni na riƙa yi masa ƙarin bayani ma, don ya san ba da jahili yake magana ba. Abin da ya dame ni ɗaya ne, kuɗin da ke hannuna kaɗan ne.

Da na zo hutu ɗauko ku, sai na sayar da gonar. A rabon gadon mahaifinmu, wanda sunansa kake ɗauke da shi, gida ya faɗa hannun Yaya Habu, gonar Bakin Rafi ta faɗo hannuna. Amma shi yake noma ta, tunda ni ina makaranta, daga baya ina ƙasar waje. Da damina masara da dawa, da rani tumatir a gefen rafin. Da ita yake ciyar da gidansa, yana aiko mini da buhuna ko ban tambaya ba. Ban yi shawara da shi ba. Na sanar da shi ne kawai, kamar yadda ake sanar da ɗan haya. Ranar da aka taru a zauren mai unguwa za a sa hannu, ya zauna can gefe har aka gama. Da aka shafa fatiha sai ya ce, "Ɗanlami, me za ka saya da kuɗin?" Shi kaɗai yake kirana da wannan suna tun rasuwar mahaifiyarmu. Na yi masa bayani irin na aji, har da zana layi a ƙasa da tsinke. Ya dubi layin, ya dubi mutanen da ke zaune, ya ce, "Wato ka sayar da ƙasa ka sayi lamba." Aka yi dariya, ba da yawa ba. Na ce masa nan da shekara biyu zan sayi irinta uku, ya zaɓi ɗaya.

Na dawo Doha da ku, na zuba kuɗin duka a rana ɗaya, a farkon watan Maris. Cikin kwanaki kaɗan ma'aunin ya kai ƙololuwarsa, sannan ya juyo.

Nasihar da zan ciro maka a nan ita ce mafi sauƙi a duk takardar. Kada ka sayar da abin da wani yake ci daga gare shi ba tare da ka zauna da shi ba, ko da takarda ta ce naka ne kai kaɗai. Kuma kada ka zuba duk abin da ka mallaka a rana ɗaya saboda layi ya yi kyau a takarda. Lokacin da layin ya fi kyau, kowa na yabonsa, lokacin ne ya fi tsada. Wannan na san shi tun kafin in shiga bankin. Yadda aka yi na san shi kuma na aikata akasinsa shi ne abin da har yau ban gane ba.

Ba ni kaɗai na shiga ba. Ka tuna Kawu Sale, direban motar ma'aikatan kamfaninmu, wanda yake kawo maka alawa kana ƙarami? Mutumin Maigatari ne, gidansu fataken shanu ne. Bai yi boko ba sai abin da ya koya a hanya. Ni na ja shi banki, ni na cike masa takardu, ya sa 'yan kuɗin da ya tara. Ya ce, "Akanta, ni ban gane ba, amma tunda kai ka sa gonarka, ai ba za ka kai ni rami ba." Ya naɗe takardar a leda ya ajiye tare da fasfonsa.

Shekara biyu da rabi abin yana sauka. Ba faɗuwar lokaci ɗaya ba ce da mutum zai yi kuka ya huta. Zai sauka, ya ɗan ɗago har ka ce an gama, sai ya ƙara sauka. Kamfanonin da ake rantsuwa da su suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya tsaya, kusan kashi huɗu cikin biyar na darajarsa ya tafi. Ina zuwa aiki, ina dawowa, ina ɗaukar ka a kafaɗa, amma kaina yana kan lamba. Ummanka ba ta san komai ba a lokacin, tana tsammanin zafin gari ne yake rage mini ci.

Wajen ƙarshen shekara ta dubu biyu da biyu na sami Sale a cikin mota da rana, ya kwantar da kujera yana jiran a tashi aiki. Na ce, "Sale, tashi mu je banki mu sayar da abin nan kafin ya ƙare ƙurmus."

Ya ce, "Akanta, tsaya. Shanun mutuwa suka yi ko ramewa?"

Na ce ba shanu ba ne.

"Na sani. Amma ka gaya mini da yaren da zan ji."

Na ce wasu sun mutu, manyan suna nan amma sun rame.

Ya ce, "To a gidanmu ba ma kai sa kasuwa da bazara yana ƙashi da fata, sai in hatsi ya ƙare a rumbu. Ni albashina yana zuwa, tuwo bai yanke ba. Me zai kai ni?"

Na yi masa lacca ta kusan rabin awa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai ka yi makaranta, je ka sayar da naka. Ni ko ƙofar da ake shiga a sayar ban sani ba. Khalas, shi ke nan, rufe mini mota sanyi na fita."

Na je ni kaɗai na sayar, kuskurena na biyu ke nan. Abin da aka ba ni ba zai sayi ko gefen tumatir na gonar ba. Daga baya na duba, na tarar tsakanin ranar da na sayar da ranar da ma'aunin ya taɓa ƙasa ya fara ɗagowa, 'yan makonni ne.

Nan ya kamata in ce maka, kada ka sayar lokacin da tsoro ya kama ka. Na faɗa, ka riƙe. Amma ka ji inda nake rikicewa. A ranar da nake tsaye a bakin motar nan, babu mahalukin da ya san zai ɗago. Mutanen da suka sayi kamfani ɗaya ɗaya, da yawansu sun yi haƙuri irin na Sale, har kamfanin ya mutu da kuɗinsu a ciki. Shi ma'aunin yana fitar da matattu ya shigo da rayayyu, shi ya sa ya tsira, amma ko wannan ba alkawari ba ne. Na Japan ya faɗi ya shafe sama da shekara talatin kafin ya koma inda yake. Da a can na kai Sale, da haƙurinsa ya tsufa tare da shi. To Sale hikima ya yi ko sa'a ya ci? Na juya wannan tambaya a raina fiye da yadda na juya kowace tambaya a rayuwata. Abin da na iya tsamowa kaɗan ne. Shi ya sa abin da zai iya mantawa da shi. Ni na sa abin da ba ya mantuwa, shi ya sa duk saukar layin nake jin ta a ciki. Idan za ka shiga, ka shiga da kuɗin da in ya rame shekara goma ba zai hana ka cin abinci ko kallon idon wani ba.

Kuskure na uku ya fi sauran tsawo, don shi na shekaru ne. Na sayar, amma ban daina kallo ba. Ka san kasuwar Amurka tana buɗewa ne bayan la'asar a agogon nan. Kai ma ka taso kana ganin haka, ana idar da salla in ɗauki waya kafin in ɗauki carbi. Kafin a yi irin wayoyin nan, a kwamfutar ofis nake yi. Ba ni da ko riyal ɗaya a ciki, amma ina kallo kamar mutumin da aka kora daga gida yana zagayowa ya leƙa ta katanga. Kuma zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Faɗuwarsa nake fata. Duk ranar da ya yi ja sai in ji sanyi a raina, in ce ga shi, da ma na faɗa. Lokacin babbar faɗuwar dubu biyu da takwas, mutane a duniya suna rasa gidaje da ayyuka, ni har shayi na saya wa abokan ofis. Ba a yi shekara ba guguwar ta iso kamfaninmu, aka rage ma'aikata, sunana na ciki. Mai iyali ba ya zama a ƙasar nan babu kafil, wato mai ɗaukar nauyin takardun zamansa, don haka na karɓi abin da na samu. Haka na zama mai kula da sito a ɓangaren kaya na filin jirgi, ina ƙirga kwalaye, yaron da na girme wa da shekara ashirin yana ce mini yalla yalla, wato in yi sauri. Takardun digirina biyu suna cikin akwatin da ke saman kwaba. Ka taɓa tambayata me ke ciki, na ce tsofaffin kaya.

Ba kaina kaɗai na cuta da wannan ɗaci ba. Idan mutanenmu sun taru shan shayi ranar Juma'a a Asian Town, inda baƙin ma'aikata ke haɗuwa, duk wanda ya kawo maganar hannun jari sai a ce a tambayi Malam, shi ya karanta abin. Ni kuma in gyara zama in ba su labarin dubu biyu, in ce caca ce, in ce gobe zai rushe. Akwai wani likita ɗan Zariya da ya zo da niyyar ya riƙa saka kaɗan kaɗan duk wata. Na hana shi. Ya bi maganata saboda furfurata. Yanzu idan mun haɗu a masallaci yana gaishe ni da ladabi, ya wuce da sauri.

Sai da ma'aunin ya yi shekara goma sha biyar kafin ya koma inda na saye shi. Ka yi tunanin wannan da kyau, Abba. Kana jariri aka fara, kana sakandare aka dawo. Wanda ya ce maka kullum hawa yake yi, ka tambaye shi ko ya taɓa jiran wani abu shekara goma sha biyar. A wajen lokacin ne Sale ya zo mini da wasiƙar banki har gida, ya ce, "Akanta, karanta mini, shanun sun tashi?" Na karanta. Na ce sun tashi. Ya ce, "Alhamdulillahi, a bar su su yi kitse," ya mayar da takardar cikin leda, ya tambayi Ummanka ko akwai sauran miyar kuka.

Nasihata a nan: kada ka mayar da rauninka fatawa. Idan abu ya cije ka, ka ce ya cije ka, kada ka ce wa mutane haramun ne ko ƙarya ne don kawai kai ka sha wuya. Kuma in ka saya, kada ka riƙa dubawa kullum. In ka sayar, ka goge shi daga wayarka. Ni ban iya ko ɗaya ba.

Tunda na ambaci haramun, bari in sauke wannan nauyi. Na tambayi malamai biyu a lokuta daban. Ɗaya ya ce saye da sayar da rabo a kamfani ciniki ne, matuƙar sana'ar kamfanin halal ce kuma bai nutse cikin riba ba. Ɗayan ya ce a kwandon da ba kai ka zaɓi abin da ke ciki ba, ba za ka rasa abin da bai halatta ba, gara ka nemi asusun da aka tace. Ni na bi ta farko lokacin da nake son saye, na ɗauki ta biyu lokacin da nake son hana mutane. Kai kada ka yi haka. Ka tambayi wanda ka yarda da iliminsa kafin ka yanke shawara, ba bayan ka yanke ba.

Saura na huɗu, wanda kai ma ka gani da idonka amma ba ka san me kake gani ba. Bayan annobar nan da ta rufe duniya, ma'aunin ya yi wani irin tashi da ban taɓa gani ba. Kullum kore. Na yi shekara kusan ashirin ina cewa zai rushe, sai rana ɗaya na gaji da zama wanda bai yi daidai ba. Kuɗin sallamata na tsohon kamfani, wanda muka ajiye don mu ɗora ɗaki biyu a Kano, na kwashe na zuba a ƙarshen dubu biyu da ashirin da ɗaya. A watan ne Sale ya zo yi mana sallama. Gwiwa ta hana shi tuƙi, zai koma gida. Ya ce ya je banki an rufe masa asusun an ba shi kuɗinsa, don ba zai bar abu a ƙasar da ba ya nan ba. Na ce, "Sale, yanzu da yake tsakiyar hawa za ka sayar?" Ya ce, "Akanta, ni ba hawa na duba ba, tikiti na duba." Mai yiwuwa ma rabon da ya sayar ni na saya.

Shekarar da ta biyo baya ma'aunin ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Na riƙe, na riƙe, ina tuna maganar Sale ta shanu da bazara, ina gaya wa kaina wannan karon na koyi darasi. Wajen ƙarshen shekara na sayar. Ban san yadda zan yi maka bayanin ba. Yatsana ne ya danna, ina kallonsa. Bayan nan aka fara maganar ƙirƙirarriyar basira, ma'aunin ya tashi ya wuce inda yake da nisa. Ummanka, da ta gane, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Malam, kai da zanen nan kamar kun yi alkawari ba za ku zauna ɗaki ɗaya ba. Ka shiga ya fita, ka fita ya shigo." Na fi son da ta yi faɗa. Sale yana Maigatari, ya haƙa rijiyar burtsatse a unguwarsu, ya sayi shanu na gaske. Yana turo mini hotonsu duk salla.

A kan wannan ba ni da nasiha. Na san dokar, na taɓa karya ta na ga sakamako, na sake karya ta. Abin da zan iya ce maka kawai, ka san halinka kafin ka san kasuwa. Idan jinina ne ya fi yawa a jikinka, ka yi nesa da duk abin da za a iya sayarwa da danna yatsa.

To yanzu tambayarka. Idan tarihin ma'aunin za ka duba daga farkonsa zuwa yau, wanda ya saya ya yi shiru ya samu, wannan ba a musu. Idan kuma ka dubi inda yake yanzu, a sama yake, kowa na yabonsa, matasa na nuna wa juna layi a waya, kuma ni na taɓa ganin irin wannan yanayi. Sai dai na faɗi haka sau da yawa a baya, na yi kuskure. Ban san ko dubu biyu ce ta dawo ba, ko kuwa ni ne na tsaya a dubu biyu na ƙi tafiya.

Ita kuwa gona, a nan ne bai kamata ka yarda da ni ba ko kaɗan. Tun ranar Litinin ba abin da nake gani sai ita. Ina so ka saye ta, ina so fiye da yadda zan iya rubutawa. Shi ya sa na tashi daga kan abinci, don na ji bakina zai ce "saya" kafin ka rufe naka. Amma kuɗin nan guminka ne na shekara uku, kana tashi tun asuba kana bin motar ma'aikata. Ba a tara shi don a ɗinke ɓarakar da ni na yi ba. Ban san halin da gonar take ciki ba. Ban san ko rafin yana kawo ruwa har yanzu ba, ko gari ya cim mata, ko magadan sun daidaita a tsakaninsu. Kai ba manomi ba ne, kuma Baffanka ya tsufa. Idan ka saye ta don ni, ka yi irin abin da na yi ke nan ta ɗaya gefen, ka zuba duk abin da ka mallaka a rana ɗaya saboda wani abu ya yi maka kyau a zuci.

Ga abin da nake roƙonka. Kada ka yi komai da kuɗin nan a watanka na farko. Ka je gida ka kwana biyu a wurin Baffanka. Ka sa ya zagaya da kai iyakar gonar da ƙafa, ka tambayi maƙwabtanta, ka ga takardu, ka yi ciniki kamar gonar baƙo ce. In ka ga da ta baƙo ce ma za ka saya, to ka saya, kuma ka zauna da Baffanka ku yi magana kan wanda zai noma ta kafin a sa hannu. In ka ga ba haka ba, ka bar ta ta tafi, ba zan taɓa tayar maka da maganar ba. In ma'aunin ka zaɓa, ka shiga kaɗan kaɗan, ka bar wani abu a gefe, kuma kada ka taɓa kirana ka tambaye ni ko lokacin sayarwa ya yi.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Yaya Habu yana da lambata. Muna gaisawa duk salla, minti biyu, ya tambayi iyali in tambayi iyali. Amma da gonar ta fito kasuwa, kai ya kira. Ban sani ba ko hannu yake miƙo mini ta wurinka, ko kuwa yana nuna mini ne cewa a gidan nan an samu wanda za a yi maganar ƙasa da shi. Na ɗauki waya sau uku in kira shi, na ajiye. Idan ka je, ka durƙusa ka gaishe shi da kyau. Ka ce ina gaishe shi. Kada ka ƙara komai a kai, sai in shi ya tambaya. In ya tambaya, ka ba shi takardar nan a karanta masa.

Allah ya kiyaye hanyarka, ya tsare ka daga sharrin mutane da sharrin zuciyarka. Allah ya sa wa abin da ka tara albarka duk inda ka ajiye shi. Allah ya ba ka haƙurin da bai ba ni ba, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ka riƙe salla a kan lokaci, musamman la'asar. Ummanka tana gaishe ka, ta ce maganin mura yana aljihun gefe na baƙar jaka.

Mahaifinka.

Ka sha tambayata nawa na yi asara, ina kauce maka. Gona ce a bakin rafi, da mangwaro tara da mahaifina ya dasa, da rijiya ɗaya. Kuma tun ranar da aka sa hannu a zauren mai unguwa, Yaya Habu "Malam" yake ce mini. Bai ƙara kirana Ɗanlami ba.